Fuskar Dada da Katin da Ya Ƙi Amsawa

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ba ta iya ɗaukar hoton kirki ba tukuna, ina da wani ɗan shago a Rano, a kan hanyar tasha. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, tsohuwa 'yar gwanjo, irin mai akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, sai firinta da wani ɗan janareta mai ƙarar tsiya. Aikina buga takardu da goron gayyata, da tura wa mutane karatu a waya. 'Yan unguwa suna kirana injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba, duk da cewa iyakar injiniyancina a lokacin shi ne in kashe in sake kunnawa idan abu ya ƙi.

Wata rana da yamma, cikin damina, ina zaune a ɗakin mahaifiyata ina cin tuwo, sai ta faɗi wata magana da ta sa na ajiye lomar da na ɗebo. Ta ce ta fara manta fuskar mahaifiyarta.

Kakar tamu, wadda duk muke kira Dada kamar yadda mahaifiyata take kiranta, ta rasu tun muna ƙanana. Daga Fulanin da suka zauna a gefen Kibiya take, suna noma suna kiwo, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. An ce ko a gidan suna, da ta hango mai hoto ya shigo, sai ta zame ta koma bayan randa. A wurinta babban rashin kunya ne mace ta tsaya wani ya zuba mata ido ta cikin ƙarfe.

"Muryarta tana nan a kunnena," in ji mahaifiyata. "Tafiyarta ma ina gani. Amma in na rufe ido don in ga fuskar, sai mayafi kawai."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ma dube ni ba, tana ta gyaran wake a faifai. Ni dai tuwon bai ƙara shiga ba.

Daga nan ta gaya mini zancen wani kaset. Akwai wata Hajiya a Kibiya, maƙwabciyar su Dada ce a da, wadda lokacin auren babban ɗanta aka ɗauko mai bidiyo daga Kano. Waɗanda suka kalli kaset ɗin a wancan zamani sun ce kyamara ta wuce ta kan Dada a wurin wuni. Mahaifiyata ba ta taɓa kallonsa ba. Da farko aure ya riƙe ta a Rano, bayan rasuwar kuma ba ta da zuciyar kallo, da zuciyar ta samu kuwa na'urar bidiyon ta ɓace daga gidajen mutane. Yanzu ga shi an ce Hajiyar za ta koma Kudu wurin ɗan nata da zama, ba da niyyar dawowa ba, kuma kaset ɗin yana cikin kayan da za ta tafi da su.

Ni da bakina na ce wannan ai ba komai ba ne, zan kwafe shi a kwamfuta, in fitar mata da hoton ta rataya a ɗaki. Na faɗa ne kamar wanda ya saba yi kullum. Gaskiyar magana, abin da na sani kawai shi ne akwai wani kati da ake sakawa a cikin akwatin kwamfuta, mai bakin karɓar wayar bidiyo, wanda yake mayar da abin da ke kaset ya zama na kwamfuta. Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.

Na kira abokina da ke gyaran kwamfuta a Kano, ya ce zai nemo mini na hannu mai lafiya. Na'urar bidiyo kuwa na aro ta wurin wani dattijo da ya taɓa riƙe gidan kallo, ya zaro ta daga ƙarƙashin gado, muka kakkaɓe ta, ta tashi da ƙyar.

Mahaifiyata ta aika wa Hajiya, Hajiya ta aiko da sharuɗɗanta. Kaset ba zai kwana a waje ba. Da kanta za ta kawo shi, a gabanta za a yi komai, kuma za ta bi motar ƙarshe ta Kibiya bayan la'asar, domin washegari da sassafe motar ɗanta za ta zo ɗaukarta. Sannan sau ɗaya tak za a kunna shi, saboda karon ƙarshe da aka saka shi na'ura ta ɗan tauna gefensa. Ban ga laifinta ba. Marigayi mijinta yana ciki, kuma ita ma ba ta da wani wurin ganinsa yana motsi sai nan.

Wanda na tura Kano karɓo katin shi ne yayana. Ɗan acaɓa ne, kuma duk wanda ya san shi ya san halinsa da leda. Babur ɗinsa tun ranar da ya saya a naɗe yake, tanki da fitila da madubi, har wurin da fasinja ke ɗora ƙafa. Rimot ɗin gidansa yana cikin leda, wayarsa tana cikin leda, kujerun ɗakin matarsa har aka haifi 'ya'ya ba su sha iska ba. Ba shi kaɗai ba ne, haka muka taso muka ga ana yi wa duk abin da ake ƙauna, sai dai shi ya fi kowa nisa a abin.

Ruwan sama ya tsare shi a Kano ya kwana, sai da safen ranar da Hajiya za ta zo ya iso. Ya miƙo mini katin yana murmushi. Ashe bayan ya karɓa a shagon abokina, sai da ya biya ta wurin masu naɗe sabuwar waya a kasuwa, aka naɗe shi tsaf da farar leda yana ta ƙyalli. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa wannan a cikin akwati zai zauna, ba wanda zai gan shi balle ya taɓa shi. Na yage ledar na jefar, na buɗe akwatin kwamfutar, na danna katin a ɗaya daga fararen ramukan da ke jikin babban allon ciki. Ya ɗan yi tauri wajen shiga, na ce a raina sabon wuri ne. Na ɗaure sukurunsa, na rufe, yayana ya hau babur ya tafi neman fasinja.

Na tada janareta, kwamfuta ta tashi lafiya lau. Na saka faifan da ya zo da katin, wanda ke ɗauke da abin da muke kira direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki da sabon abu. Ya yi tafiya kaɗan, sai ya tsaya ya rubuto mini da Turanci cewa bai sami wannan na'ura a cikin kwamfutar ba. Na kashe na kunna, na sake sakawa. Amsa ɗaya.

Da hantsi sai ga su, mahaifiyata da Hajiya. Hajiya doguwar tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da baki mai daɗi, ta riƙe jakarta a ƙirji kamar za a ƙwace. Suka zauna a bencin kwastomomi, aka gaisa, ta tambayi aiki, ta ce ashe ni ne injiniyan da ake faɗa. Na ce ni ne. Ta tambaya ko ta fito da kaset ɗin, na ce ta ɗan dakata, kwamfuta tana lodi.

Wannan lodin shi ya kai mu azahar. Na cire direba na mayar, na sake cirewa. Na goge faifan da gefen rigata. Na shiga duk wani lungu da na sani a cikin kwamfutar, da wasu da ban sani ba, na taɓa abubuwan da har yau ban san me na taɓa ba. Su kuwa suna hirar mutanen da, wa ya rasu, wa ya aurar, amma ina lura da mahaifiyata. Bakinta yana wurin hirar, idonta yana kan sikirin, kamar fuskar za ta iya fitowa kowane lokaci ta wuce ba ta gani ba.

Da muka dawo daga salla, Hajiya ta dubi rana ta ƙofar shago, ta ce wannan lodi dai ya fi na motar kasuwa daɗewa. Gumi ya karyo mini. Na matsa kusa da mahaifiyata na ce mata a hankali, ko in aro talabijin a maƙwabta mu haɗa, ta kalla ko da sau ɗaya ne, tunda kwafar tana neman gagara.

Ta ce, "In gani sau ɗaya, in sake mantawa?" Can kuma ta ƙara da cewa, "Amma kada ka wahalar da kanka. In Allah bai nufa ba, shi ke nan."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fita bayan shago, nesa da ƙarar janareta, na kira abokina na Kano, na fara zuba masa bayani ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce faifansa ne ya lalace, ko direban ba na katin ba ne.

"Kai malam, dakata," ya ce. "Ka bar zancen direba tukuna. Shi Bayos ya ga katin?"

Na ce wane ne kuma Bayos. Ya yi dariya ya ce a gaida injiniyan Rano.

Sai ya yi mini bayanin da har yau da shi nake cin abinci. Ya ce kafin duk abin da na saba gani a sikirin ya tashi, akwai wata 'yar manhaja, Bayos ɗin ke nan, da ke zaune a cikin wani ƙaramin guntu a jikin babban allon, tun daga masana'anta. Ita ce ke fara farkawa da zarar wuta ta shiga. Farin rubutun nan da ke gudu a baƙin sikirin, wanda nake juya baya in jira ya wuce, aikinta ne. Takan fara duba ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan ta bi ramukan kati ɗaya bayan ɗaya, kamar maigida da ke zagaya ƙofofin gida da asuba yana ƙwanƙwasawa. A kowane rami tambayarta ɗaya, wa ke nan. Kowane kati yana da lambarsa a cikinsa, ta kamfanin da ya ƙera shi da ta irin aikinsa, da ita yake amsawa. In ya amsa, sai ta rubuta shi, ta tambayi abin da yake buƙata, ta ware masa wurinsa da hanyar da zai riƙa kiran kwamfuta in yana da magana, sannan ta miƙa wa babbar manhaja duk waɗanda ta samu. In kuwa ta tambaya ta ji shiru, ba ta tsayawa bincike, a wurinta ramin babu kowa, sai ta wuce na gaba.

"To in ita ba ta gan shi ba," ya ce, "ko direba ɗari ka zuba, wa zai tuƙa? Tun safe kana shimfiɗa wa baƙon da bai shigo gida ba."

Ya ce in koma ciki in sake tada kwamfutar, in ɗora yatsa a kan wani maɓalli da ke can saman kibod ta dama, wanda ban taɓa sanin amfaninsa ba. Da zarar rubutu ya cika sikirin in danna, komai zai tsaya cak. Na yi haka, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Karon farko ya wuce ni, karo na biyu na kama shi. Ga su nan a jere, duk waɗanda suka amsa: mai fitar da hoto, mai sauti, mai haɗa kwamfuta da waya, da bakunan da ake soka filashi. Na karanto masa da Turancina na gargajiya. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Babu katin bidiyo.

Ya ce to yanzu mun san inda matsalar take. Ko katin ya mutu, ko ramin ya mutu, ko kuma haƙoran katin, wato zinariyar nan da ke jere a gindinsa, ba sa taɓa na cikin ramin. Ya rantse jiya a gaban yayana ya gwada katin ya yi aiki. Ya ce in zare wuta gaba ɗaya, in ciro shi, in goge haƙoran da kilinan fensir, in gwada a wani ramin.

Na ciro katin na kai shi bakin ƙofa inda akwai haske. Haƙoran suna ƙyalli, har na ce a raina waɗannan ai ba su da datti. Na goga kilina, sai na ji yana sulɓewa kamar a kan gilashi. Na ƙara dannawa, sai wani abu ya ɗan ɗago a gefe. Na sa farce na ja. Siririn salatif ne fari, an yanka shi daidai tsawon haƙoran, an ninka shi ya rufe su gaba da baya, ba kumfa ba lanƙwasa. Duk wanda ya yi aikin nan gwani ne. Da na yage babbar ledar da safe, shi ko motsi bai yi ba.

Daidai lokacin yayana ya faka babur a ƙofar shago, ya zo jin ko an gama. Ya ga abin da ke hannuna, ya ɓata fuska.

"A'a, don me za ka ɓare? Ni na ce mai naɗin ya sa masa na musamman a nan. Zinare ne fa, ga damina, in ya yi tsatsa fa?"

Na ce, "Yaya, ta nan yake magana. Bakinsa ka toshe."

Hajiya ce ta fara dariya. Ta yi ta yi har tana share ido da gefen mayafi, tana cewa Allah ya shirya 'ya'yan zamani, wannan in aka bar shi amarya ma sai ya naɗe ta a leda. Mahaifiyata ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ni kam raina a ɓace yake, na shirya maganganu masu zafi, amma da na dubi yayana sai na haɗiye su. Ya tsaya tsuru-tsuru da makullin babur a hannu, yana duban mahaifiyarmu, ya gane abin da ya kusa jawo mata. Da na ce danƙon salatif ɗin ya manne a haƙoran, sai an samu sifirit da auduga, kafin in rufe baki ya tashi babur ya nufi kemis.

Na goge haƙoran ɗaya bayan ɗaya, na bari suka bushe, na mayar da katin. Wannan karon ya shige da wata 'yar ƙara mai daɗi, ba tauri. Na mayar da wuta, na ɗora yatsa a kan maɓallin nan, na danna. A tsakiyar jerin ga sabon layi wanda da babu shi. Ban san sanda na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har mai shagon gefe ya leƙo. Kwamfuta tana gama tashi da kanta ta sanar cewa ta sami sabuwar na'ura, faifan da na zarga tun safe ya shige ba gardama.

Ana kiran la'asar muka gama haɗa wayoyi. Muka yi salla a gaggauce, yayana ya tafi tasha don ya zauna a kujerar Hajiya ya riƙe mata wuri, ya kuma lallaɓi mai mota. Hajiya ta zuge jaka, ta warware wani ɗankwali, ta fito da kaset ɗin. Da hannunta ta tura shi cikin na'urar da bisimilla. Na danna ɗauka.

Da farko yayyafi ne kawai da layuka. Sai hoto ya daidaita, ga maza a ƙofar gida an taru ɗaurin aure. Wani mutum mai babbar riga ya ratso yana gaisawa da jama'a, Hajiya ta ɗora hannu a kan bakinta. Ba wanda ya tambaye ta ko wane ne.

Mai bidiyon nan, Allah ya saka masa, mutum ne mai son mota. Ya ɗauki motocin 'yan ɗaurin aure ɗaya bayan ɗaya, har da tayoyi. Ya ɗauki maza suna cin shinkafa. Ya ɗauki agogon bango. Ni kuma ba halin in tura kaset gaba da sauri, don kada ya tsinke. Ina kallon sikirin, ina kallon inuwa tana tsawo a ƙofar shago.

Can dai aka shiga cikin gida wurin mata. Hajiya ta dawo da bakinta, tana nuna su da yatsa, wannan ta rasu, wannan ma ta rasu, Allah ya jiƙansu, wannan tana nan amma ba ta gani. Sai ta kama hannun mahaifiyata.

"Ga ta can. Mai baƙin saƙi, wadda ta sunkuya a kan tukunya."

Bayanta muka gani. Siririyar mace tana kwasar tuwo. Kyamara ta matso, ita kuma kamar ta ji a jikinta, ta ƙara juya baya, ta ja mayafi, ta zame bayan wata mata. Kyamara ta wuce wurin 'yanmata masu rawa. Mahaifiyata ta riga ta taso daga benci, ta dafa teburina da hannu biyu. Na ce a raina shi ke nan, duk wahalar nan mayafin da take gani in ta rufe ido shi na kwafo mata.

Kaset yana ta tafiya. Sai hayaniya ta tashi a cikin hoton, mata suna watsewa suna ihu, kwanuka suna faɗuwa. Ashe wani rago ne da aka ɗaure a zaure ya tsinke igiya ya faɗo tsakiyar taro. Mai bidiyo ya bi shi da kyamara. Kowa yana gudu, sai mace ɗaya ta tako ba sauri, ta sa hannu ɗaya ta cafke ƙahonsa, ta murɗa shi ya durƙusa, kamar abin da take yi kowace safiya. Mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa. Ta ɗago kai tana dariya, tana faɗa wa matan wata magana da hayaniya ta haɗiye, idonta ya faɗa cikin kyamara sosai. Numfashi ɗaya ko biyu ne, sai ta tuna, ta ja mayafi ta kau da kai.

Na tsayar da kaset, na adana abin da na ɗauka. Na koma baya a cikin kwamfutar, inda yanzu ba abin da zai tsinke, na bi a hankali har na tsaya a kan wurin. Hoton ba shi da kyau sosai, launin ya koɗe, akwai layi a ƙasa. Amma ga goshi, ga ido, ga 'yar wushirya, ga dariya.

A haka yayana ya faɗo da sauri yana cewa mota ta cika, mai mota ya ce ba zai ƙara jira ba. Idonsa ya kai kan sikirin, ya tsaya.

"A'a, yaushe aka ɗauki Inna da rago?"

Inna muke kiran mahaifiyarmu. Na dubi sikirin, na dubi matar da ke tsaye a gefena, sai a lokacin na ga abin da ya gani. A hankali mahaifiyata ta ɗaga hannu ta shafa kumatunta, ta gangaro zuwa haɓa, idonta bai bar hoton ba.

"Dada ce," ta ce. Sai hawaye suka zubo. Ta ce in ƙara masa girma.

Hajiya ta share nata idon, ta dubi yayana ta ce ya je ya ce wa mai mota ya tafi abinsa. Ta ce shekara da shekaru rabonta da hawa babur saboda gwiwa, amma yau za ta hau, in dai zai tafi da ita a hankali, don ba za ta tashi ba sai an kwafe kaset ɗin nan har ƙarshe, ita ma a ba ta nata a faifai. Haka aka yi. Kafin magariba kaset ya koma cikin ɗankwalinsa lafiya, faifai yana gefensa, yayana ya ɗauke ta a kan babur ɗinsa mai leda, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Daga ranar na daina jin daɗin sunan injiniya har sai da na je na koyi aikin da gaske, a shagon abokin nan nawa. Yau gyaran kwamfuta nake yi. Injinan sun canza, baƙin sikirin mai farin rubutu ya koma mai launi da hotuna, katunan sun ƙanƙance, amma gaisuwar farkon nan tana nan yadda take: wuta ta shiga, a bi kowane rami a tambaya wa ke nan. Duk wanda ya kawo mini inji ya ce ya saka abu ya ƙi yi, can nake fara dubawa, kafin in zargi faifai ko kamfani ko mutanen gari. Kuma na koyi cewa in an tambaya an ji shiru, ba lallai ne babu kowa ba. Wani lokaci abin yana nan da ransa da lafiyarsa, wani ne ya lulluɓe shi don tsabar ƙauna. Yayana har gobe yana naɗe kayansa, ni kuma na rage yi masa dariya, ko da yake ban daina ba.

Hoton Dada na wanke shi babba, yana rataye a ɗakin mahaifiyata, jikoki suna shiga suna gardama a kan ko wace ce. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan 'yan makonni. Ina shago da safe sai ga mahaifiyata ta sha kwalliya da atamfarta ta zuwa biki, alhali ba bikin kowa ake yi ba. Ita ma, kamar uwarta, ba mu da hotonta ko ɗaya a gidan, kuma ba wanda ya taɓa samun fuskar tambayarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in rufe shago in raka ta wurin mai hoto.

"A ɗauke ni tun ina nan," ta ce. "Ku ajiye wa 'ya'yanku."

Muka je. Mai hoto ya zaunar da ita a kujera, ya gyara labule, ya koma bayan kyamararsa ya ce, "Inna, a ɗan ɗago kai." Na ga hannunta ya tafi wurin mayafi kamar yadda ya saba. Ya kai rabin hanya, sai ta mayar da shi kan cinyarta, ta ɗago, ta dubi kyamarar.